Ga ƙanwarmu mai shirin WAEC: fiziks ba karatun hadda ba ne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya, inda kika ce saura wata biyu ku shiga WAEC, kin haddace kusan duk fomulolin fiziks, amma da an ajiye miki tambaya sai kanki ya ɗaure, ki rasa wacce za ki ɗauko. Na bari sai da na samu natsuwa, don wannan ciwon na yi shi. D7 na kwaso a zamana na farko, alhali takardar fomulolina har ta yi laushi saboda zaman aljihu. A zama na biyu na samu B3, yanzu kuma ina yi wa 'yan ajin ƙarshe darasin yamma a unguwarmu.

Abin da ya sauya tsakanin zaman biyu bai taka kara ya karya ba. Na daina farautar fomula, na koma duba ma'aunin da ke manne da kowace lamba. Duk lambar da aka ba ki tana tafe da sunanta: mita, sakan, kilogiram, nyuton, jul, wat. Kafin ki taɓa kalkuleta, jera abin da aka ba ki a gefen takarda, kowanne da ma'auninsa, ki rubuta abin da ake nema, ki zana abin ko da zanen kaza ne. Sau da yawa kafin ki gama jerawa fomular ta kawo kanta, don ita kaɗai ce ta haɗa waɗannan abubuwan.

Akwai kuma tarkon da mu Hausawa muke faɗawa ba mu sani ba. Abu biyu da fiziks ya raba, mu suna ɗaya muke kiran su. Ɗauki "nauyi". Buhun shinkafa mai kilo 50, ko duniyar wata aka kai shi kilo 50 ne, ba ƙwayar da ta ragu. Amma ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi daban ne, da nyuton ake auna shi: kilo 50 sau 10 (jan ƙasa a kan kowane kilo), nyuton 500 a nan, a wata kuwa wajen 80 kacal, don jan can bai wuce kashi ɗaya cikin shida na namu ba. Ni a raina "nauyin kilo" da "nauyin nyuton" nake ce musu, kuma tun daga nan ban sake haɗa su ba. Haka "zafi". Kofin shayi ya fi bokitin ruwan wanka zafi a digiri, amma wutar da bokitin ya sha kafin ya yi ɗumi ta ninka ta kofin. Wancan digiri, wannan jul.

Bari mu lissafa ɗaya tare. Ruwa kilo 2 a buta, daga digiri 30 zuwa tafasa, wato 100. Kowane kilo na ruwa yana bukatar jul 4,200 kafin ya hau digiri ɗaya. To 2 sau 4,200 sau 70, jul 588,000. In hitarki mai wat 1,000 ce, jul 1,000 take bayarwa duk sakan, ke nan sakan 588, kusan minti goma. Kin ga babin zafi da babin lantarki sun haɗu a buta ɗaya. Gobe da asuba in da wuta, ki duba agogo ki gani, za ta ɗan haura haka saboda zafin da ke tserewa ta jikin butar, kuma wannan ma tambaya ce da suke son yi.

Randar gidanku ma malama ce. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bin iska, kuma ba ya tashi sai ya kwashi zafi daga wanda ya rage a ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska ke bushe, da damina kuwa sai a hankali. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. In aka juya abin kuma, shi ne dalilin da ya sa turirin madambaci ya fi tafasasshen ruwa ƙuna duk da digirinsu ɗaya: kowane kilo na tururi yana ɗauke da ƙarin jul fiye da miliyan biyu, yana sauke su a fatarki yayin da yake komawa ruwa.

Sauya ma'auni kuwa, nan ne na zubar da maki kamar ba gobe. In an ba ki gudun mota da kilomita a awa, raba da 3.6 ya koma mita a sakan kafin komai. Santimita ki mai da ita mita, giram ki mai da shi kilo, minti ki mai da shi sakan. Kada ki bar amsa tsirara ba ma'auni, ana yanke maki.

Sai firaktikal, wanda shi ne ainihin abin da ya kayar da ni. Makarantar da na yi, ɗakin gwaji a kulle yake shekara da shekaru, ana saura mako guda jarrabawa na fara riƙe ma'aunin lantarki da hannuna. Maki 50 ne a takardar nan, tambaya uku ki zaɓi biyu, kuma rabin aikin za ki iya koyon sa a tsakar gida. Nemi zare da noti guda a wurin bakanike, ki ɗaure a ƙusa ko reshen darbejiya, tsawon mita ɗaya daga maɗauri zuwa tsakiyar notin. Ja shi gefe kaɗan, ki sake, ki ƙirga zuwa da dawowa ashirin da agogon waya. Za ki samu kusan sakan 40, wato sakan 2 kowane zagaye. Rage zaren zuwa santimita 80, 60, 40, 20, ki maimaita, ki cika tebur. Sannan ki sauya notin da wanda ya fi shi girma a tsawo ɗaya. Lokacin ba zai sauya ba. Ranar da na ga haka da idona sai da na sake ƙirgawa sau uku, don ban yarda ba.

Daga teburin sai zanen giraf, inda maki ke kwance: tsawon zare a gefe ɗaya, lokacin zagaye sau kansa (T²) a ɗaya gefen, don shi ke ba da miƙaƙƙen layi. Fensir mai tsini. Kowane gefe ki rubuta sunansa da ma'auninsa. Zaɓi sikeli mai sauƙin rabawa, biyu, biyar ko goma, ki guji uku da bakwai, za su wahalar da ke a banza. Zanen ya ci fiye da rabin takardar. Kada ki bi ɗigo ɗigo kina haɗawa kamar ɗinki, layi ɗaya miƙaƙƙe za ki ja ya ratsa tsakaninsu, kuma in za ki lissafa gangarensa ki zana babban alwatika. Lambobin kowane layin tebur daga sama zuwa ƙasa su zama da adadin gurbi ɗaya bayan ɗigo, kada wani ya zama 2.0 wani 2.15.

Game da wata biyun nan, kada ki ce za ki bi littafi daga bango zuwa bango, lokaci ba zai kai ba. Samo tambayoyin shekarun baya, ki riƙa yin goma kullum da biro, amsa a rufe. Wadda kika faɗi, ita za ta nuna miki babin da za ki buɗe. Masu cewa a turo kuɗi su turo amsa ranar jarrabawa kuwa, ki toshe su kawai.

Ga aikin daren yau. Mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya cik cikin sakan 5. Nawa gudunta ke raguwa duk sakan, kuma mita nawa ta ci kafin ta tsaya? Ki ɗauki hoton takardar duka, har inda kika soke, ki turo in ga daga ina kan yake fara ɗaurewa. Allah Ya ba da sa'a.