Babur ya ƙi tashi, an ce in ɗaure fiyus da waya

Tambaya: Assalamu alaikum Masta. Ina da babur Boxer, da shi nake kai yara makaranta in wuce Kejetia wurin sana'ata, kuma ban gama biyan kuɗinsa ba. Shekaranjiya ya kwana a waje ruwan sama ya dake shi. Da safe na murɗa makulli, fitilar firi ba ta kawo ba, hon shiru, sitata shiru. Na buga kik har ƙafata ta gaji. Na duba fiyus ya ƙone, na sa sabo, ina murɗa makulli shi ma ya tafi. Wani yaron fita, wato makaniki, a unguwarmu ya ce fiyus na yanzu ba su da ƙarfi, in bari ya ɗaure wurin da wayar tagulla, wai kowa haka yake yi. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi ya yi? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bari. Ko kyauta zai yi maka, karɓi makullinka.

Fiyus ɗinka lafiyarsa ƙalau, aikinsa ya yi har sau biyu. An yi shi ne ya zama wuri mafi rauni a wayarin, don in wuta ta wuce kima shi ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Ƙananan babura irin namu yawanci amp 10 ko 15 suke ɗauka, lambar tana jikinsa. Wanda ya ƙone nan take da murɗa makulli yana gaya maka cewa akwai wayar da ta zare tana taɓa ƙarfen babur, ko wani abin wuta ya haɗe daga ciki.

Wannan magana ta "fiyus ba shi da ƙarfi" ta yi yawa a bakin masu gyaran gefen titi, kuma tana ɓata min rai ƙwarai. Wani ya naɗa wayar tagulla, wani takardar azurfa ta kwalin sigari, wani ya cusa ƙusa. Wanda yake ganin ya waye kuma ya cire mai 10 ya sa mai 30, duk kanwar ja ce. Mutane suna raina batirin babur saboda ƙanƙantarsa, alhali in aka haɗe bakinsa biyu kai tsaye yana iya tura wutar da ta haura amp 100, siraran wayoyin nan kuwa an yi su ne don kwatankwacin abin da fiyus ya yarda ya wuce. In ka cire mai tsinkewa, wayar ce za ta zama fiyus. Za ta yi zafi tun daga batir har inda ta zare, robarta ta narke, ta manne da maƙwabtanta a cikin ɗaurin. To ina ɗaurin wayoyin yake bi? Ƙarƙashin tanki, kusa da tiyon mai, saman kafireta. Wato tsakanin cinyoyinka, ga yara a bayanka.

Abin da ya fi muni shi ne sau da yawa babur ɗin yana tashi bayan an ɗaure, domin wayar da ta zare ba kullum take taɓa ƙarfe ba. Sai yaron ya karɓi kuɗinsa, a ce ya iya aiki. Bayan kwana uku ka faɗa rami ko ka karya kan babur a kwana, wayar ta sake taɓawa, ka ji ƙaurin roba, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin kujera. A lokacin kashe makulli ba lallai ya tsayar da ita ba, in zarewar tana tsakanin batir da makulli sai an cire kan batir, kuma wa ke yawo da sufana mai lamba 10 a hannu? In an yi sa'a a rasa wayarin gaba ɗaya da CDI (akwatin da ke ba fulogi wuta) da rektifaya (mai daidaita wutar cajin batir). In ba a yi sa'a ba a kira 'yan kwana-kwana a 192, kafin su iso ƙarfe ya rage. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma kai za ka ci gaba da biyan bashin babur. Duk fitan da ya koya wa yaransa wannan, ya ji tsoron Allah, amanar ran mutum ce a hannunsa.

Ga yadda ake neman laifin ba tare da ƙona fiyus goma ba. Samu ƙwan fitila mai bolt 12, wat 21, irin na siginar mota, a haɗa masa waya biyu. Cire fiyus, ka sa wayoyin a bakinsa biyu. Ƙwan ba zai bar wuta ta wuce amp 2 ba, don haka babu abin da zai ƙone. In ya haska sosai tun ba ka murɗa makulli ba, laifin yana tsakanin fiyus da makulli, ko rektifaya ce ta haɗe: zare soket ɗinta ka gani. Naka kuwa sai an murɗa yake ƙonewa, saboda haka nemi abin da ke bayan makulli. Murɗa, ƙwan zai haska, sai ka riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya: hon, makunnin birki na ƙafa, fitilar baya, sigina, CDI. Wanda ka zare ƙwan ya dushe, layin ke nan.

Fara da duk abin da ba daga kamfani ya zo ba. Cajar waya, ƙarin fitilun ado, hon mai ƙara, ƙararrawar ɓarawo, yawanci an fere waya ne an murɗe an naɗa salatif, ruwa na shiga salatif ɗin ya saki. Sannan wuyan babur, inda ɗaurin ke lanƙwasa duk lokacin da ka juya kai. Juya shi dama da hagu kana kallon ƙwan. Ɗaga kujera ma ka duba inda kariyar ɗaukar kaya ta danne waya. In ka samu wurin, a yanke a haɗa da dalma, a sa robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure nesa da kaifin ƙarfe. Sai a mayar da fiyus mai lambarsa ta asali.

Kik ɗin da ya ƙi kamawa ba abin mamaki ba ne. Babur mai CDI da ke cin wuta daga batir, in fiyus ya tafi fulogi ba ya samun wuta. Idan bayan gyaran har yanzu ya ƙi, auna batir: cikakke yana nuna wajen bolt 12.6, ƙasa da 12 yana son caji, kuma in babur ya tashi ka ba shi wuta ya kamata ya nuna 13.5 zuwa 14.5. Cire hular fulogi ka busar da ita, ruwa yana kwanciya ciki. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. Kwance ƙaramin sukurun da ke gindin kafireta ka tari man a murfin roba mai haske, ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta ƙasa kamar ƙwayar ido. Wajen gwada tartsatsi, rufe famfon mai, ka nisanta fulogin daga raminsa, kuma kada kowa ya tsiyaya fetur a ciki.

Abu ɗaya kafin ka sake buga kik: ka san yadda ruwa ke tashi a wasu lungunan Aboabo lokacin damina. In ruwan ya kai salansa ko akwatin iska, zaro sandar baƙin mai ka duba. In ya koma launin shayi da madara, kada ka tayar, a juye man a sa sabo, a cire fulogi a buga kik ruwan ya fita tukuna. In aikin wayar ya fi ƙarfinka, tura shi wurin mai wayarin na gaske, a nan kusa ko Suame Magazine, unguwar makanikai, ka ce masa fiyus yana ƙonewa da murɗa makulli, kuma ka tsaya ka ga wayar da ta zare da idonka kafin ka biya.