Amsa ga mai tambayar kuɗin kalmomi a tallan Google

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana sayar da sola da inbata da batir a Kano, kana kuma haɗa wa mutane a gidajensu, ka ware naira 150,000 a wata don tallan Google, kana son sanin nawa kowace kalma take ci kafin ka zuba kuɗinka. Na ga wani ya ce maka naira 50, wani ya ce 500. Duk wanda ya yanke maka farashi bai san sana'arka ba, shaci-faɗi kawai yake yi. Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa irin wannan talla, ga yadda nake lissafin.

Kalma ba ta da tsayayyen farashi. Duk lokacin da mutum ya rubuta abu a Google, nan take ake yin gwanjo tsakanin masu tallan da suka yi tayi a kan wannan kalmar. Ana duba tayin kowa, ana kuma duba ingancin tallarsa da shafin da za ta kai mutum. Ba ka biyan ko sisi sai an danna tallarka, kuma abin da ake cire maka sau da yawa bai kai tayinka ba, iyakarsa abin da zai riƙe maka matsayinka a kan na ƙasa da kai. Farashin yana motsi kamar na rago gab da Babbar Sallah, yawan masu taya shi ne ke ɗaga shi. A harkar sola, daga Maris zuwa Mayu da zafi ya yi tsanani, masu nema suna ƙaruwa, 'yan uwanka masu talla ma suna ƙaruwa. Haka na gani bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da kuma bayan ƙarin kuɗin wuta ga 'yan Band A a Afrilun 2024.

Inda za ka samu ƙiyasi shi ne Keyword Planner, yana cikin asusun Google Ads, kyauta ne. Kafin ka kalli kowace lamba, canza wurin daga Najeriya zuwa Kano. Idan ka bar shi a ƙasa baki ɗaya, kasuwar Legas da Abuja ce za ta rinjayi abin da kake gani, kai kuma ba can za ka je haɗa wa mutum sola ba. Zai nuna maka farashi biyu a gaban kowace kalma, na ƙasa da na sama, wato abin da masu talla suka saba tayawa don su fito a saman shafi. Ni da na saman nake lissafi, in an samu sauƙi alhamdulillahi. Sabon asusun da bai fara kashe kuɗi ba, yawan masu bincike ma ba zai ba shi dalla-dalla ba, sai dai ya ce tsakanin 100 da 1,000, kuma ka san tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya. Wasu kalmomin za ka ga gurbin farashin fayau, saboda masu nemansu a Kano ba su da yawa. Kalmomin Hausa galibi nan suke faɗawa. Mutanenmu da Hausa suke ciniki, amma da Turanci suke tambayar Google, ko da Turancin ya karye.

To amma ni ba daga nan nake farawa ba. Daga littafin shagonka nake farawa, domin abin da ya kamata ka sani shi ne nawa dannawa ɗaya ta cancanta a wurinka, ba nawa Google ke so ba.

Bari mu yi misali, lambobin nawa ne na zaɓa don lissafi, kai ka saka naka. A ce ribarka a aiki ɗaya naira 60,000 ce bayan ka fitar da kuɗin kaya da mota da na yara. A ce cikin mutum 100 da suka danna, biyar ne za su yi maka magana a WhatsApp ko su kira, cikin goma da suka yi magana kuma ɗaya ne zai biya. Ke nan sai an danna sau 200 kafin ka samu aiki ɗaya. Raba 60,000 gida 200, ka samu naira 300. Wannan ita ce iyakarka: duk kalmar da dannawarta ta kai 300, Google kake yi wa dako. Idan kana son rabin ribar ta tsaya a aljihunka, kada tayinka ya wuce 150.

Yanzu koma kan 150,000 ɗinka. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, saboda haka abin da zai tafi talla kusan 139,500 ne. A kan naira 150, dannawa 930 ke nan, mutum 46 su yi magana, aiki huɗu ko biyar, ribar 240,000 zuwa 300,000. Ka ci. Amma idan kalmomin da ka zaɓa 400 suke ci, dannawa 348 kacal za ka samu, aiki ɗaya ko biyu, kuɗin tallar ma bai dawo ba. Kasafi ɗaya, shago ɗaya. Shi ya sa nake mamakin masu cewa kalma kaza ta yi tsada ba tare da sun tambayi ribar mutum ba. Naira 400 arha ce ga mai sayar da fili, ga mai sayar da fitilar caji kuwa halaka ce.

Google kasafin rana yake karɓa, ba na wata ba. Raba 139,500 da 30.4, za ka samu wajen 4,600 a rana. Kada hankalinka ya tashi idan wata rana ka ga an ci 8,000. Ƙa'idarsu ce suna iya kashe har ninki biyu na kasafin rana, amma jimillar wata ba ta wuce na rana sau 30.4.

Wurin da kuɗi ke zurarewa kuwa ba a ƙiyasin yake ba. Akwai wani mai sana'a irin taka da ya kawo mini asusunsa yana ƙorafin an cinye masa kuɗi babu kira. Kalma guda ya saka, "solar system", wadda a Turanci take kuma nufin rana da duniyoyin da ke kewaya ta, ya bar ta a sake. Muka buɗe rahoton da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su danna, wanda suke kira Search terms. Layin farko ɗalibai ne masu neman sunayen duniyoyin da ke kewaya rana don aikin makaranta. Ƙasa da su masu neman aikin yi a kamfanin sola, sai masu neman inda za su koyi haɗawa, sai masu tambayar sola kyauta daga gwamnati, sai wani da inbatarsa ke ƙara yana neman yadda zai gyara da kansa. Kowannensu an biya kuɗin dannawarsa. Shi mai shagon yana ta gungurawa ƙasa da yatsa yana salati. Farashin kowace dannawa a asusun nan arha ne ƙwarai, kuma arhar ce ta yaudare shi, domin masu nema ba masu saye ba ne.

Saboda haka ka ɗaure kalmominka. Wadda ka saka tsakanin alamar zance, kamar "solar installation in Kano" ko "inverter battery price", tana takaita wa Google yawo, ko da yake yanzu yana sassautawa zuwa kalmomi masu ma'ana kusa. Tun ranar farko ka cika jerin kalmomin da ba ka so, Negative keywords: free, jobs, training, planets, pdf da makamantansu. Kalmar da ke ɗauke da farashi ko sunan gari ko girman inbata, irin 3.5kVA, ta fi tsada, amma mai rubuta ta ya riga ya taɓa aljihunsa. Goma ko goma sha biyar irin waɗannan sun ishi kasafinka. Idan ka baza 4,600 a kan kalmomi ɗari, babu wadda za ta tara dannawar da za ka iya yanke hukunci a kanta.

Wajen buɗe tallar, zaɓi nau'in Search kawai, wato tallar da ke fitowa a sakamakon bincike, ka cire alamar da ke kai tallarka shafukan intanet na wasu, domin a kunne take zuwa. A saitin wuri ma ka zaɓi mutanen da suke cikin Kano, ba masu sha'awar Kano ba, in ba haka ba na Fatakwal zai danna. Ka saka iyakar tayi da hannunka. Ka kuma tsara awannin da akwai mai ɗaukar waya, don wanda ya kira ba a ɗauka ba, na gaba da kai zai kira.

Akwai makin inganci daga 1 zuwa 10 da ake bai wa kowace kalma. Ba na damuwa da shi sosai, sai dai idan na ga 3 ko 4, na san galibi shafin ne ke da nauyi, ko shi ko tallar ba su dace da abin da aka nema ba. Ka buɗe shafinka da ƙaramar waya a inda sabis ke da rauni, ka gani ko lambarka da farashi suna fitowa da wuri.

Kuɗin da ka zaɓa ranar buɗe asusu, naira ko dala, ba ya canzuwa daga baya. Idan a dala yake, ka ƙara wani abu a kasafinka saboda canji da cajin kati.

Ka ɗauki mako biyun farko a matsayin kuɗin sayen labari. Kada ka yi ta taɓa saiti kullum, sai dai toshe kalmomin banza. Duk wanda ya kira, yaron shago ya tambaye shi inda ya ga lambar, ya rubuta. Bayan nan ka turo mana abu uku: matsakaicin kuɗin dannawa, mutum nawa suka yi magana, da nawa suka biya, sai mu duba kalmomin da za ka ƙara wa tayi da waɗanda za ka kashe. Allah Ya ba da kasuwa.