Bayan kilomita nawa ake yi wa mashin juye?

Malam ka ce ka sayi sabuwar Boxer kana tambayar yaushe za ka yi sabis. To gaskiya juyen farko, wato canjin baƙin mai, kar ka wuce kilomita 500, saboda sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe cikin baƙin mai, in ka bar shi shi zai cinye maka injin. Bayan nan ni duk kilomita 2,000 nake juye da baƙin mai mai lamba 20W50, amma in acaɓa kake yi kullum kana bisa titi to kar ma ka jira ya kai haka. Lokacin hunturu kuma dinga duba iyakilina, wato matatar iskar inji, ƙura tana toshe ta mashin ya kama shan mai. Kaca kuwa sa mata mai duk sati, bakanike ya duba fulogi da birki.