Tambaya da Amsa: Me ya sa katun ɗinmu na yumɓu yake tsalle?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida a Birnin Kebbi. An ba rukuninmu aikin haɗa katun na sakan 30 ta tsohuwar hanya, wato a gina abu da hannu, a motsa shi kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa. Mun gina masuntan Argungu biyu da yumɓu, muka ɗauka da waya a tsakar gida. Da muka haɗa hotunan sai fim ɗin yana tsalle, haske yana ƙiftawa, hannun masunci ɗaya kuma ya karye kafin la'asar. Ko wayar ce ba ta isa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wayarki lafiyarta lau. A wannan aiki abin da kike motsawa ne kaɗai aka yarda ya motsa, ku kuwa rana ta motsa muku, waya ta motsa, yumɓu ma bai zauna yadda kuka bar shi ba.

Fara da lissafi. Fim ɗin silima yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan, amma masu wannan sana'a kan ɗauki 12, a nuna kowanne sau biyu, ido kuma ya gamsu. Sakan 30 ke nan hoto 360. In kowane hoto ya ci minti ɗaya tsakanin motsawa, janye hannu da dannawa, awa shida ke nan cur. A awa shida inuwar katanga ta bi ta kan masuntanku ta wuce, gajimare ya gifta, ita kuma waya tana gyara haske da kanta a kowane hoto. Ƙiftawar da kike gani ke nan.

Don haka ku koma ɗaki. A toshe tagogi da bargo ko kwali, a yi aiki da fitila mai caji wadda ta cika, ko wadda ke kan batirin sola. Ban ba ku shawarar wutar janareta ba, domin ƙarfinta na hawa da sauka. A kyamarar yawancin wayoyi, in kika ɗora yatsa a kan allo kika riƙe, za ta kulle haske da saiti. Wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi: mai motsa kayan in ta sa farin hijabi, hasken fitila zai dake shi ya dawo kan aikin, ya sauya duk lokacin da ta gyara tsayuwa. Ta sa baƙi, kuma ta koma wuri ɗaya kafin a danna.

Waya kuwa a ɗaure ta a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko a matse ta tsakanin littattafai a naɗe da salatif. Kar yatsa ya taɓa ta: maɓallin ƙara sauti na iyafis yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa. Manhajar Stop Motion Studio tana nuna hoton baya dishi-dishi a kan na yanzu, sai ki ga iya tazarar da kika motsa.

Sai yumɓu. Na tukwane an yi shi ne don ya bushe, da iskar hunturu kuwa ba ya jira. Masu sana'ar suna amfani da yumɓun roba mai mai a jiki wanda ba ya bushewa, sai dai a zafin Maris da Afrilu na Kebbi narkewa yake ya langaɓe. Kowanne kika zaɓa, sai an sa masa ƙashi: wayar alminiyam biyu a murɗe su tare, a kafe tafin ƙafa a jikin allo da ƙaramar ƙusa.

Ni dai a aikin farko takarda zan zaɓa. A yanka masunci, gorarsa da homarsa daga baƙin kwali, a raba hannu da ƙafa a haɗa gaɓoɓin da zare, a shimfiɗa a tebur, waya tana kallon ƙasa. Babu abin da zai faɗi ko ya tsage. Kar ki raina hanyar: da yankakken kwali Bajamushiya Lotte Reiniger ta fitar da dogon fim a 1926. Maƙwabcinmu na Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, da zane da 'yan tsana na hannu ya yi suna a duniya. Wanda kuma ransa bai kwanta da gina siffa ba, takalmi, wake ko ashana duk suna tafiya a gaban kyamara.

Inda maki yake shi ne tazara. In masunci zai kai homa cikin ruwa, kar a motsa hannunsa daidai wa daida a kowane hoto. Ya fara ja baya kaɗan cikin hoto uku ko huɗu, tazarar ƙanana. Sai ta buɗe a tsakiya, hoto biyu masu faɗi. Sai ta sake tsukewa a ƙarshe. Kamar mai daka ne: taɓarya takan ɗan tsaya a sama kafin ta faɗo da ƙarfi. Bayan motsin a bar shi tsaye na hoto shida zuwa 12, mai kallo ya fahimci abin da ya faru.

Ku manta da motsa baki a wannan karon. Ganga, ihun 'yan kallo da ƙarar ruwa a bokiti, a naɗa daban a ɗora daga baya, sun ishe ku. Kafin ku shiga hoto 360 ɗin, ku gwada sakan biyu, hoto 24, na murfin kwalba yana gangarawa ya tsaya. In ya tafi sumul, ku fito da masuntan.