Motata tana kwana a durƙushe: wane balan-balan zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tumfure, cikin Gombe, kuma ina da Range Rover Sport ƙirar 2012. Kwanan nan in na ajiye ta da dare, da safe sai in tarar gabanta na hagu ya zauna har taya ta kusa taɓa jiki. In na tayar da ita takan miƙe bayan ɗan lokaci. Bakanikena ya ce balan-balan ne, wato jakar robar da ake hura wa iska tana ɗaukar nauyin motar a madadin sifirin, ya kuma ba ni zaɓi uku: a sa na Kwatano guda ɗaya, ko sabo mai araha, ko a cire tsarin iskar gaba ɗaya a mayar da ita kan sifirin na ƙarfe. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo kan zaɓi, ina roƙonka da ka rage hawanta har a gyara. Miƙewar da take yi da safe ita ke yaudarar masu irin wannan mota. Kwamfuresar da ke hura iskar an yi ta ne don ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta. In akwai yoyo, sai ta yi ta bugawa ba hutu, ta yi zafi, ta ƙone. Wanda ya yi jinkiri yakan biya kuɗin balan-balan, ya kuma biya na kwamfuresa.

Mai yiwuwa bakaniken naka ya yi daidai, amma a tabbatar tukuna. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna kowace kusurwa daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin da ke samanta, ka rubuta. Sannan a zare fiyus ɗin tsarin iskar, domin wannan mota ko a kashe take takan farka ta daidaita kanta, ta sauke sauran kusurwoyin su bi wadda ta zauna, sai a rasa mai laifin. Da safe ka sake aunawa. In kusurwa ɗaya ce kaɗai ta sauka, to yoyon yana jikin balan-balan ɗinta, ko tiyon da ke kai masa iska, ko bawul ɗinsa. A mayar da fiyus ɗin, a ɗaga motar zuwa tsayinta na ƙarshe, a fesa ruwan sabulu a jikin robar da mahaɗar tiyo. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Na nanata wannan ne don akwai waɗanda suka sayi balan-balan mai tsada alhali matsalar ƙaramar roba ce a cikin akwatin bawul.

Robar balan-balan tana naɗewa ne tana warwarewa duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, kuma a wurin naɗin nan take fara tsagewa. Galibi takan yi shekara 6 zuwa 10. A nan wajenmu zafin Maris da Afrilu yana busar da ita, ƙurar hunturu da yashi suna shiga cikin naɗin suna cin ta a hankali, ramukan hanya kuma su ƙarasa. Motar 2012 in har na asali ne a jikinta, ta ci moriyarsu.

Wannan shi ya sa ba na goyon bayan na Kwatano. A wasu kayan, kamar ƙofa ko injin, na hannu yana da ma'ana. Roba kuwa shekaru ne ke kashe ta, ko ana hawa ko ba a hawa. Wanda za a kawo maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas an ciro shi ne daga motar da shekarunta suka yi daidai da na taka. Zai iya riƙe iska a gaban mai shago, ya fashe maka tsakanin Alkaleri da Bauchi. Sabon da ba shi da sunan kamfani shi ma ina tsoronsa, domin ƙarfen da ke matse bakin robar nan ne yakan saki, kuma araha ba ta ado. Ka nemi na Land Rover kansa, ko na kamfanonin da aka sani da wannan aiki irin su Arnott, Bilstein ko Dunlop, daga dilan da zai ba ka rasit da garanti a rubuce.

Kada ka saya da sunan mota da shekara kawai. Ka ba dila lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. A wannan ƙirar balan-balan da shokozoba a haɗe suke, kuma wasu motocin shokozobarsu tana da wayar lantarki da kwamfuta ke sarrafawa, wasu babu. In aka sa wanda ba nasa ba, fitilar gargaɗi za ta kama, tafiyar motar ma ta sauya. In shokozobar tana zubar da mai ko ta yi laushi, a sayi haɗin gaba ɗaya. Kuma biyu za ka canza, hagu da dama. Tare suka tsufa, na daman ma yana hanya.

Wajen ɗaurawa akwai abubuwan da nake so ka tsaya a kansu da kanka. A sauke iskar kafin a kwance komai, kuma kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashi sai an tokare motar da ƙarfe, saboda irin wannan mota tana iya zama a kan mutum ba sanarwa. A yi amfani da sabuwar mahaɗar tiyo. Kada a sauke nauyin motar a kan sabon balan-balan alhali babu iska a ciki, robar za ta naɗe ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. Bayan an gama a jona kwamfuta a goge tsofaffin kurakurai, a duba tsayin kusurwoyi huɗu, a yi alaimen. A kuma duba na'urar busar da iska da ke jikin kwamfuresa. Ƙwayoyin da ke cikinta suna tsotse danshi, in sun cika sai ruwa ya wuce cikin bawul, musamman da damina. In kwamfuresar ta riga ta yi rauni aka canza ta, a canza rile ɗinta tare, wato makunnin lantarkin da ke ba ta wuta.

Batun sifirin na ƙarfe kuwa, ban ce haramun ba ne. Mai yawan shiga ƙauyukan Dukku ko Nafada, inda ba mai kwamfutar duba irin wannan mota, yana da hujja. Sai dai za ka rasa ɗagawa da saukewa, za ta daina daidaita kanta in an yi mata lodi, laushin tafiyar zai ragu, kuma dole a sa na'urar da ke kashe gargaɗin. A yadda ka bayyana taka, tana miƙewa da kanta, alamar kwamfuresa na da rai ke nan. Da ni ne, sababbi biyu zan sa a gaba, in sa a leƙa na baya a wannan zaman.