Sunan wa za a fara sassaƙawa a allon sojoji?

Ɗana, ka tambaye ni kan allon mabul ɗin da cocin unguwa suka ba mu, na 'ya'yansu sojoji da suka rasu a bakin daga: tunda akwai kyaftin a cikinsu, ko mu ɗora sunansa a sama da manyan baƙaƙe, kurata su biyo a ƙasa? A'a. Girma ɗaya, zurfi ɗaya, a jere bisa abacada, sai fa in iyalan sun zauna da kansu sun zaɓi wani tsari.

Ba a kanmu aka fara wannan aiki ba. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, da wuya ka shiga ƙauye a Ingila ka rasa irin wannan allo a bangon coci, ko gicciyen dutse a harabarsa. Gwamnatin Birtaniya ce ta hana a mai da gawarwaki gida. Inda soja ya faɗi, Faransa ne ko Beljiyam, nan aka binne shi, wasu ma har yau ba a ga gawarsu ba. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, farkon gumurzun Somme a Faransa, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, da yawansu 'yan gari ɗaya ne da suka shiga soja tare. Uwa ta rasa ɗa, ta kuma rasa kabarin da za ta ziyarta. Shi ya sa mutanen gari suka yi karo-karo, suka kira masu sana'armu, wasu suka yi da mabul, wasu da tagulla, wasu da katako mai ƙwari. Layin nan guda na suna shi ya zama wa uwar kabarin ɗanta.

Su ma sun sha gardamar da ka kawo. Wasu garuruwan sun jera bisa muƙami, hafsoshi a gaba. Wasu suka ce mutuwa ba ta duba anini a kafaɗa ba, suka rubuta suna zalla. Hukumar kula da kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 ta tsaya kan dutse iri ɗaya ga janar da kurtu, kuma ni nan na karkata. Uwar kurtu ma ta ba da nata a karo-karon, kuma kowace Lahadi a gaban allon za ta zauna.

To, aikin kansa. Kada kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya taɓa dutse sai ka zana sunayen duka a takarda daidai girman allon, ka kai wa kowane gida, su karanta nasu, su sa hannu. Jerin da sakataren coci ya kawo bai isa ba. Tsakanin Ishaku da Isiyaku baƙaƙe kaɗan ne, amma mutum biyu ne, kuma mabul ba a goge shi. Tazarar baƙaƙe da ido ake auna ta, domin A kusa da Y na barin rami, I biyu kuwa na matsewa. In ka fara yanka, karkata kurfin, gefe biyu su haɗu a ƙasa kamar V, bugu ƙanana da guduma, kana bin tsakiyar layin kafin ka buɗa shi. Inuwar da ke kwanciya cikin wannan yankan ita ke sa a karanta suna ko fenti ya koɗe. Turawan da ma kan huda ƙananan ramuka cikin baƙin, su buga darma ta shiga ta kama, sannan su kankare ta daidai da fuskar dutsen. Wannan sai hannunka ya nuna zan koya maka.

Ka bar fili a ƙasa. Masu aikin 1920 da yawa sun cika allo har baki, suna zaton yaƙi ya ƙare ke nan. Da na 1939 zuwa 1945 ya zo, sai aka dinga cusa sababbin sunaye a gindin dutse ko a manna wani ƙaramin allo a gefe. Ba fata muke yi ba, Allah ya kiyaye, amma ko sunan da aka manta kan taso daga baya.

A can Ingila, kowane Nuwamba suna tsayawa gaban allon su karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ma haka za a yi. Don haka gobe ka manna takardar a bango, ka ja baya taku goma, ka kira dattijon nan mai gadi ya karanta maka. Inda ya yi tuntuɓe, ka sake zanawa.