Amsa ga mai son fara kiwon karnuka don gidajen iyali

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka. Ka ce karyarka Jaman Shefad ce mai wata goma, ta fara jini karon farko, wani ya yi maka tayin namijinsa mai ƙaton kai da faɗin ƙirji, kai kuma burinka ka samu 'yan kwikwiyon da za su zauna lafiya da iyali, ba na gasar nuna kyau ba. Na daɗe ina kiwon irin wannan kare, kuma shawarata ta farko ita ce ka bar wannan karon ya wuce.

Karya mai wata goma ita ma yarinya ce. Manyan karnuka ba sa gama ƙwari sai sun doshi shekara biyu, kuma a nan ne halinsu na gaskiya yake fitowa. Goyon cikin karya kamar kwana 63 ne kawai, amma shayarwa tana tatse ƙaramar uwa ƙwarai. Na sha ganin wadda aka haɗa da wuri ta haihu ta ƙi kwanciya 'ya'yan su sha, ko ta danne su don ruɗewa. Ga kuma ciwon ƙugu da ya addabi wannan iri, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Gado ne, kuma sau da yawa ido ba ya ganinsa a ƙaramin kare. A Amurka, ƙungiyar OFA mai duba hoton ƙugu ba ta ba da cikakkiyar shaida sai kare ya cika wata 24. Mu ma muna da inda ake ɗaukar hoton, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Yanzu maganar namijin, wadda ta fi damuna. Max von Stephanitz, hafsan sojan doki a Jamus, shi ya kafa wannan iri a 1899, kuma karen aiki ya nufa: mai bin tumaki, mai jin magana, mai natsuwa. Daga baya gasa ta sa wasu suka riƙa zaɓen masu zubabben baya don kyan tsayuwa, har ka ga kare yana tafiya ƙafafun baya na haɗewa. Mu nan gasar ba ta yi yawa ba, amma kasuwa tana yi mana irin wannan ɓarna. Hoto ake turawa a WhatsApp, mai saye ya tambayi kilo nawa uban yake, kansa ya kai ina. Da wuya ka ji an tambaya ko ya taɓa cizon ɗan gida.

Ka tuna irin gidajen da 'ya'yan za su shiga. Ƙofarmu ba ta wuni a rufe. Yaran maƙwabta suna shigowa a guje, almajiri ya yi sallama da robarsa, ɗan garuwa ya shigo da jarkoki, ranar suna tsakar gida ta cika da mata. Karen da zai zauna a nan dole ya iya bambanta baƙon rana da mai tsallako katanga da dare. Don haka ka je ka ga namijin a gidansu, a sake shi daga sarƙa. Ka saki farantin ƙarfe a kan siminti. Kare mai kyan hali zai zabura, sannan ya zo ya sansana farantin. Wanda ya ja da baya, wutsiya tsakanin cinyoyi, yana gurnani yana zare ido, matsoraci ne, kuma matsoraci ya fi kowa saurin cizo. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin zafi, har su ƙara masa kuɗi. Ka ga yadda yake idan mai shi ya taɓa kwanon abincinsa. Ka yi wa karyarka irin wannan gwaji ba tare da son kai ba, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma 'ya'yan a wajen uwa suke koyon tsoro ko natsuwa.

Ka binciki asalinsu duka biyun. A gari ɗaya sau da yawa karnukan daga 'yan tsirarun iyaye suka fito, sai a wayi gari uba ya hau 'yarsa. Daga nan ake samun farfaɗiya, da haƙoran da ba sa haɗuwa, da namijin da ƙwayarsa ɗaya ba ta sauko ba. Kafin barbara likita ya duba jininsu saboda cutar kaska, ya kuma duba al'aurarsu, don akwai wani tsiro mai zubar jini da karnuka ke shafa wa juna wajen barbara. Allurar haukan kare kuwa ba abin jayayya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin rigakafin.

Idan Allah ya kawo 'ya'yan, kada ko ɗaya ya bar gidanka kafin mako takwas. Waɗanda ake yawo da su a kwali suna mako huɗu, su ne ke girma ba su san iyakar cizo ba, don a wasa da 'yan'uwa ake koyon wannan: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasan. Daga mako uku zuwa sha biyu ne kwikwiyo ke sabawa da duniya. Ya ji ƙarar janareta da turmi, ya ga kaji da akuya, yara su ɗauke shi a gabanka. Maganin tsutsar ciki daga mako biyu. Allurar fabo, wato cutar gudawar jini mai kashe kwikwiyo, daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai sha shida, kuma ka karɓa wajen likitan da firjinsa ke aiki, domin zafi yana kashe allurar. Duk wanda ya taɓa shaƙar warin gudawar jinin fabo ba ya wasa da wannan. Da damina ka riƙa shafa jikinsu, in ka ji ƙullutu mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce, shimfiɗa mai laima ke jawo ta.

Masu saye kuma ka samo su tun kafin barbara, don karya irin taka tana iya zubo takwas ko fiye. Ka tambayi mutum ko uwargida ta yarda, ko ya warware wa kansa hukuncin ajiye karen gadi wajen malamansa, ko akwai inuwa da fili. Inda ba a daidaita ba, kan sarƙa karen ke ƙarewa a bayan gida, cikin rana. Ka yi sharaɗi da kowa cewa in ya gaza, kai zai dawo wa da shi. In ka cire kuɗin abinci da allurai, ribar ba ta kai yadda ake faɗa ba.

A yanzu dai ka killace ta kamar mako uku, a ɗaki mai rufi da ƙofa, domin karnukan unguwa suna tsallake katangar da ba ka zata ba. In ta cika shekara biyu ka yi hoton ƙugun, ka turo mu duba tare.